An Ƙona Kundin Kawu

Daga Allah muke, kuma wurinsa kowa zai koma. Kawu ya koma wata Talata da hantsi, ana tsakiyar damina, ruwa na dukan kwanon ɗakinsa har ba a jin abin da yake faɗa a ƙarshe. Kafin la'asar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa. Ni mace ce, ban bi gawa ba. Ina zaune cikin mata a rumfar tsakar gidansa da ke unguwar Laranto a Jos, jikin bangon zaure, don haka duk abin da maza suka faɗa bayan sun dawo ya shigo kunnena.

Limamin unguwa ne ya fara. Ya ce an yi rashin kogin ilimi, unguwa ta zama marainiya, irin marigayi ba a sake samu. Jama'a suka amsa da ƙarfi. Wani ɗan kasuwa ya ce ai shi ɗalibinsa ne na kusa. Na san mutumin, sau ɗaya ya taɓa zama a darasin da Kawu ke bayarwa, shi ma ruwan sama ne ya tsare shi. A cikin gida wata dattijuwa ta share hawaye ta ce Allah sarki, bawan Allah ne mai shiru, bai taɓa gardama da kowa ba. Umma, matar Kawu, tana ƙuryar ɗaki lulluɓe da mayafin takaba, amma na ga kafaɗarta ta motsa. Dariya ce ta nemi ƙwace mata a tsakiyar kuka.

Limamin nan shi ne ya naɗe tabarmar Kawu da hannunsa ya fitar da ita daga masallaci. Masu amsa masa da yawansu sun yi shekaru suna sauya hanya idan sun hango Kawu tafe. Shi ya sa na ɗauki biro. Ba na so mutumin da suka ƙera a zaman makoki ya danne wanda na sani. An ce mini in bari zuciyata ta huce kafin in yi rubutu a kan mamaci. Na jira har aka yi arba'in, ba ta huce ba.

Kawu wan mahaifiyata ne, kuma sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa tun ina rarrafe yake kirana Uwata. Sana'arsa sayar da katako a kasuwar Katako. Kullum da tef ɗin awo a aljihunsa da guntun fensir a bayan kunne, rigarsa na ƙamshin garin itace. Wanda ya gan shi yana jayayya da direban babbar mota a kan lodi ba zai ce yana da wani abu a gida da ya wuce buta da carbi ba.

Amma akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. Mahaifinsu, kakana, ya zo Jos zamanin haƙar kuza yana ɗinka wa leburori riguna, ya zo kuma da ilimin mantiƙi, wato ilimin auna magana a ga ko hujjarta ta tsaya da ƙafafunta. Kaka bai tsaya ga karanta abin da ya koyo da Larabci ba. Ya zauna ya yi nasa tunanin, ya rubuta shi da ajami a ganye-ganyen takarda, yana tambayar mene ne sani, ta yaya mutum zai bambance abin da ya tabbata da abin da yake zato kawai. Da ya rasu, cikin 'ya'yansa Kawu ne kaɗai ya iya karanta rubutun ya kuma gane inda aka dosa.

Jos gari ne mai danshi, takarda ba ta jin daɗinsa. Duk ranar da rana ta fito sosai bayan kwanaki ana ruwa, Kawu zai fasa zuwa kasuwa da wuri, ya shimfiɗa farin zane a tsakar gida, ya wanke hannu kamar zai ci abinci, ya jera ganyayen ɗaya bayan ɗaya, ya danne kowanne da ɗan dutse. Ranar babu mai shanya, babu mai daka, kaji ma a kulle suke wuni. Umma ta yi ta mita shekara da shekaru, tana cewa ita ba ta taɓa ganin gidan da takarda ke shan hantsi mutane na ɓoye a ɗaki ba. Idan ya gama sai ya mayar da su, ya zuba busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu don gara, ya rufe.

Zama da shi ba sauƙi, wannan gaskiya ce. Ba ka isa ka jefar da kalma a gabansa ka wuce ba. Tambayarsa ɗaya ce, kuma ta ishi kowa: me kake nufi da wannan? Wata rana wani maƙwabci ya kawo ƙarar ɗansa, ya ce yaron ba shi da tarbiyya. Kawu ya tsare shi sai ya faɗi abin da yake nufi da tarbiyya. Aka yi ta warwara, a ƙarshe ta bayyana laifin yaron bai wuce ƙin shiga sana'ar uban ba. Mutumin ya tashi a fusace, ya yi wata guda ba ya gaishe shi.

'Ya'yansa maza sun gudu daga karatun tun da wuri. Ni kuwa ina zuwa hutu, ina son gardama, sai ya ja ni jiki. Na tuna ranar da ya fara da ni. Ya ce in gaya masa mene ne kujera. Na ce abin zama ne.

"To, Uwata, tabarma ta shigo. Jaki ya shigo. Cinyar innarki ma ta shigo. Shingenki a buɗe yake."

Shinge ita ce kalmar da Kaka ya zaɓa wa abin da Larabawa ke kira haddi, wato bayyana ma'anar abu. Shinge mai kyau ya tara 'yan gida duka a ciki, ya hana baƙo shiga. Na wuni ina gyara shingen kujera, yana samo mini wata kafa.

Wani lokaci kuma a rumfarsa ta kasuwa ya ɗaga wani katako ya ce, katakon nan jiƙaƙƙe ne, duk jiƙaƙƙen katako kuwa yana lanƙwashewa, ke nan me? Na ce ke nan katakon nan zai lanƙwashe. Ya ce to ina "jiƙaƙƙe" ya shiga, da yana cikin magana ta farko da ta biyu, amma babu shi a ta uku? Ya nuna mini wani mutum da ke ficewa daga layin bayan ya haɗa mai saye da mai kaya.

"Ga shi can yana tafiya. Dillali ke nan. Ya haɗa biyu, ya kama gabansa. Duk hujjar da kika ji, ki fara neman dillalinta. In na ƙarya ne, cinikin ya ɓaci."

Yau ni malamar lissafi ce a wata sakandare a Tudun Wada, kuma ban taɓa samun hanyar da ta fi wannan saurin shiga kan yara ba.

Kaka ya warwatsa irin waɗannan kalmomi cikin rubutunsa ba tare da ya fassara su ba, don a ganinsa ɗalibansa sun sani. Ɗaliban suka mutu. Aikin rayuwar Kawu shi ne ya bi ganyayen layi-layi yana tsinto kalmomin, yana tattara su a wani babban littafi mai baƙin bango, wanda muke kira kundi. Kowace kalma ya rubuta ta da ajami, ya rubuta ta da boko, ya sa takwararta ta Larabci, sannan ya kawo misali daga kasuwa ko daga kicin. Inda Kaka bai sa wa abu suna ba, Kawu ya sa masa nasa. Ya fi shekara talatin yana wannan aiki. Ba tare da kundin ba, takardun Kaka ɗaki ne a kulle.

A da yana karantar da mutane a masallacin unguwa, tsakanin la'asar da magariba. Ba su taɓa yin yawa ba: teloli biyu, wani makanike, wasu 'yan katako. Abin da ya raba shi da masallacin ya faru ne wata shekara da gari ya hargitse, kowa yana kwana da tsoron maƙwabcinsa. Ban kasance a wurin ba, amma mutum uku da suke wurin sun ba ni labarin, bakinsu ya zo ɗaya. Wani mai wa'azi ya miƙe bayan salla yana magana a kan waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ya ce dukansu maƙiyanmu ne. Kawu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Malam, wannan 'duka' da ka faɗa kalma ce mai nauyi. Mu muna kiranta kwashe-duka, kuma mutum ɗaya tak ya isa ya karya ta. Ni ina da mutum ɗaya. Katangarmu ɗaya da shi."

Masallaci ya kaure. Aka ce ana zancen rayuka shi yana zancen kalmomi. Kawu ya ce ai da kalmar ake fara kashe mutum kafin a ɗauko adda. Wani ya kira shi munafuki, wani ya ce wannan ilimin nasa na jayayya ne ya cinye masa imani. Washegari liman ya naɗe tabarmarsa ya jingine ta a waje. Kawu bai daina salla a masallacin ba, sahun farko kuwa, har ƙafarsa ta gaza. Amma bai sake buɗe takarda a cikinsa ba.

Mutum ɗayan da yake nufi shi ne maƙwabcinsa, wani dattijo Ibo mai shagon ƙusa da fenti, wanda duk unguwa ke kira Oga. A kwanakin nan Oga ya kwashe iyalinsa ya bar unguwar, ya bar wa Kawu makullan shago. Kawu bai yi wa kowa jawabi ba. Ya ɗauki bencinsa ya ajiye a ƙofar shagon, ya zauna a kai daga safe har yamma, kwana da kwanaki, yana jan carbi. Matasa suka zo sau biyu, suka tarar da tsohon da ya san iyayensu da kakanninsu, suka juya. Da ƙura ta lafa Oga ya dawo ya tarar ko ƙusa ɗaya ba ta ɓata ba. Ya ce bencin nan kada ya sake komawa gida. A ƙofar shagonsa aka ci gaba da darasin mantiƙi, shi yana auna wa mutane fenti yana saurare da kunne ɗaya.

Ranar rasuwar, Oga ya zo ya tsaya a bakin zaure riƙe da hularsa. Bai yi dogon yabo ba. Da na fito ya ce mini da irin Hausarsa, "Kai ne yarinya na Malam. Ka riƙe wannan takarda da kyau." Na ce masa to. Ina ma na ji shi a ranar.

Domin fushina ba a kan liman kaɗai yake ba. Wasu masu bincike sun taɓa zuwa daga wata jami'a da na'urar ɗaukar hoto, suka ɗauki ganye uku, suka sha shayi, suka ce aikin nan dukiya ne, za su dawo da mota su ɗauki sauran. Kawu ya yi sabon ɗinki don ranar dawowarsu. Ba su dawo ba. Ina jin haushinsu. Amma ni fa? Waya tana hannuna kullum. Sau nawa ya ce, "Uwata, ki zo da wayar nan taki ki ɗauke kundin nan." Na ce sai an gama jarrabawa. Aka gama, na ce sai hutu. Hutu ya zo, na ce sai ruwa ya ɗauke. Tsakanin gidana da nasa hawan keke-napep ɗaya ne.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, mutum ne mai tsananin riƙo da addini, kuma ya daɗe yana sauraron malaman da ke cewa mantiƙi ƙofar ɓata ce. Ya sha yin wannan magana da mahaifinsa, Kawu na amsa masa da murmushi cewa ya kawo hujjarsa, in ya kawo kuwa da mantiƙin ya kawo ta. Wannan amsa ba ta taɓa yi wa Yaya daɗi ba.

Washegarin sadakar uku na iso gidan da hantsi ɗauke da kwanon gwate da na dafa wa Umma. Tun daga zaure na ji ƙaurin takarda. A bayan ɗakin girki na tarar da Yaya tsugune gaban wani tsohon kasko, yana juya wuta da sanda. Baƙin bangon ne kaɗai bai gama ci ba, ya nannaɗe kamar busasshiyar fata. Ban san lokacin da kwanon ya faɗi daga hannuna ba. Na sa hannu cikin kaskon na jawo abin da na samu. Gefen shafi shida ne, sauran toka.

Na tambaye shi me ya yi. Ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, abin da hannun mahaifinsa ya rubuta shi za a tambaye shi a kabari, shi kuma ba zai bar abin da zai ci gaba da jawo masa nauyi ba. Ya ce ya ƙona ne cikin ladabi, don akwai sunan Allah a ciki.

"Ka karanta shi?" na ce.

"Ba sai na karanta ba."

"Shekara talatin ya yi yana rubutawa, Yaya. Ko shafi ɗaya ba ka buɗe ba, ka yanke masa hukunci."

"Ke 'yar ƙanwarsa ce. Ni ne ɗansa. Ni zan ji zafin in an matse shi."

Na faɗa masa maganganun da ban taɓa faɗa wa na gaba da ni ba, kuma ba zan maimaita su a nan ba. Ya miƙe ya nufi ɗakin Kawu, na gane akwatin ƙarfen yake nufi. Na bi shi ina jan rigarsa, amma ya fi ni ƙarfi.

A ƙofar ɗakin ya tsaya cak. Umma ta riga mu. Ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado ita kaɗai, matar da ko bokitin ruwa ba ta iya ɗauka, ta zauna a kansa cikin mayafinta. Yaya ya ce ta tashi don Allah. Ta ce masa shekara hamsin tana kulle kajinta saboda takardun nan, ba ta san abin da ke cikinsu ba, amma ta san mutumin da ke wanke hannu kafin ya taɓa su, kuma ba ta taɓa ganin ya bar salla ɗaya ta wuce shi ba.

"In za ka ƙona, ka ɗauko ashanarka ka haɗa da ni."

Yaya ya juya ya fita. Umma ba ta sauka daga kan akwatin ba sai da na kira mai keke, Oga ya kama mini muka ɗora shi. Ranar nan ban yi komai ba sai ɗaukar hoton ganyayen Kaka, ɗaya bayan ɗaya, da hannun da ya ƙone. Aikin da na yi shekaru ina ɗagawa, a wuni biyu ya ƙare.

Tun daga nan nake yawo. Na sayi sabon littafi, ina bin waɗanda suka taɓa zama a bencin. Tela ɗaya ya rasu, ɗayan kunnensa ya yi nauyi, sai na yi ta ɗaga murya kafin ya tuno kalma biyu ko uku. Makaniken ya ba ni goma sha ɗaya yana kwance ƙarƙashin mota. A Katako 'yan layin Kawu suka bar ciniki suna gardama a kan ko "ɗibar-wasu" ya ce ko "tsintar-wasu" ga maganar da ba ta kwashe kowa ba. Wanda ya fi ba ni mamaki Oga ne. Bai iya ajami ba, bai taɓa zama a bencin ba, amma misalan sun zauna masa a kai. Shi ya tuna mini cewa hujjar da ke jingina da kanta, wadda ke kafa abu da abin da ake son kafawa, Kawu na kiranta zagayen turke.

Abin da na tattaro bai kai rabin rabin kundin ba. Akwai wurare a takardun Kaka da nake karanta kalma, harafinta a fili, Hausa ce tsantsa, amma ban san me ya ɗora mata ba, kuma duk wanda zan tambaya yana ƙarƙashin ƙasa. A irin wurin nan nakan bar fili a littafina. Ba zan cike da zato ba.

Ranar Asabar da hantsi ina karantarwa a ƙofar shagon Oga. Mutum bakwai ne yanzu, huɗu daga cikinsu 'yan matan ajina, ɗaya jikar Oga ce. Wasu masu wucewa suna rage tafiya su kalli mace zaune tana koyar da ilimin da aka kora daga masallaci. Su yi ta kallo.

Bayan addu'ar arba'in Yaya ya tare ni a zaure. Ya rame sosai. Ya ce ya ji ina rubutu a kan mahaifinsa, yana roƙon abu ɗaya: in zan faɗi abin da ya yi, in faɗi cewa ba ƙiyayya ce ta sa shi ba, tsoro ne ya ji wa mahaifinsa. Na ce zan faɗa.

Ga shi na faɗa, Yaya. Na yarda tsoro ne, na yarda kana son sa. Amma ban yafe ba tukuna, kuma ba zan rubuta cewa na yafe don rubutun ya yi kyau ba. In ranar ta zo, da ƙafata zan zo in gaya maka.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yalwata masa kabarinsa, ka haɗa shi da mahaifinsa cikin rahamarka. Ka ba Umma haƙuri da tsawon kwana. Ni kuma ka ba ni ikon gama abin da na makara wajen farawa. Amin.